Ina za mu kai yara su ga kogo nan kusa da Damagaram?

Mushe SVT:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mushe ne, wato malami, a wani kolej nan cikin Damagaram, SVT nake koyarwa, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, kuma bana mun zo kan darasin duwatsu. To ina tsaye gaban tablo ina zana musu kogo da alli ina ta bayani wai ruwa ne ke cin dutse a hankali har ya yi rami, yara dai kallona kawai suke, sai wani daga can baya ya ɗaga hannu ya ce mushe kai ka taɓa shiga irinsa? Aji duk ya kwashe da dariya. Shi ne na ce in Allah ya kai mu hutun Disamba zan nemi izinin direkta da na iyaye in fita da su su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji.

Abin da nake tambaya, akwai kogo na gaske nan kusa da mu wanda za a je a dawo a wuni ɗaya? Wani abokina ya ce in dai duwatsu da namun daji nake so to Termit zan nufa, shi ma ina son wanda ya san hanyar ya gaya min ko abu ne mai yiwuwa da yara wajen arba'in. Sannan akwai abin da ke damuna, kwanan baya na hau wani dutse bayan gari na tarar an cika jikinsa da sunaye da fenti, wane love wance, ƙarƙashi kuma leda da bawon piya wata da abin da ba ya faɗuwa. Na ce to ni ma in na kwaso yara na kai su wani wuri mai kyau ba ɓata shi za mu yi ba? Ina so su san wuraren nan, amma ina tsoron sanin ne zai kashe wurin. Dan Allah a ba ni shawara.

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam mushe, Allah ya saka da alheri, da ma duk malamai haka suke. Ni ilimin duwatsu na karanta, bari in ɗan ja zancen.

Kogon da kake zanawa a tablo, mai zurfi mai ɗakuna-ɗakuna wanda wasu abubuwa ke reto daga sama suna ɗigar ruwa, wannan a dutsen farar ƙasa yake samuwa, shi ne ruwan sama ke iya narkarwa sannu a hankali cikin dubban shekaru. Mu kuwa Damagaram a kan giranit muke zaune, dutsen da ba ya narkewa haka nan, kuma shi ne ma ya sa ruwan sha ke ba mu wahala tun kaka da kakanni har sai an janyo mana shi daga Gogo da Machaya da Arunguza, don ƙasan garin ba ya riƙe ruwa. Yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da Yamai a 1926. Saboda haka kar ka wahalar da kanka neman wancan irin kogo a nan.

Amma muna da namu. Giranit tsagewa yake yi, ruwa ya bi tsagar yana cin gefe-gefe tun dutsen yana binne cikin ƙasa, kusurwoyin su goge ya zama mulmulalle, daga baya ƙasar da ta rufe shi ta zaizaye sai ka ga manyan duwatsu wani kan wani kamar an jera tukwane. Tsakaninsu ne ake samun lungu da rumfa, wani wajen mutum goma za su zauna a inuwa ba su takura ba. Duwatsun unguwar Birni ɗin nan da muke wucewa kullum a kan kabu-kabu ba mu ko ɗaga kai, wallahi darasinka gaba ɗaya yana jikinsu. Ka sa yaro ya shafa dutsen da tafin hannu zai ji yana ɓarɓashi, ka ce ya duba ɓarɓashin da kyau, zai ga mai ƙyalli kamar gilas, zai ga mai ruwan hoda-hoda, zai ga baƙi mai walƙiya, to ka ga ya riƙe abubuwa uku da suka haɗu suka yi giranit a hannunsa, kuma yashin da ke gindin dutsen daga nan ya fito. Wani wurin za ka ga bayan dutsen yana ɓarewa falle-falle.

In kuma zanen mutanen zamanin da ne kake so su gani, mafi kusa da na sani a ƙasar Hausa shi ne Birnin Kudu a Jigawa, gaba da Kano, akwai rumfunan dutse da zanen shanu a jiki, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, har da duwatsun da in ka buga suke amo kamar ƙararrawa. A Yankari kuma akwai kogunan Marshall guda 59, sai dai su mutane ne suka fafe su da hannu a jikin dutsen yashi. Namu na Nijar sai arewa, raƙuman dawan Dabus da aka sassaƙa a kan dutse tsakanin Agadas da Arlit, babban ya haura mita 5. Duk waɗannan ba tafiyar wuni ɗaya ba ce.

Tsoron da kake ji kuma gaskiya ne, ya taɓa faruwa. A Faransa akwai kogon Lasko, samari huɗu suka gano shi a 1940, cike da zanen dawaki da bijimai na wajen shekara 17,000. Aka buɗe wa jama'a a 1948, mutane suka yi ta tururuwa fiye da dubu a rana, numfashinsu kawai da zafin jikinsu ya canja iskar ciki, gansakuka ta fara fitowa a bango, dole aka rufe shi a 1963. Daga baya sai suka gina kwafinsa kusa da wurin aka buɗe a 1983, shi 'yan yawon buɗe ido ke shiga. Ka ga waɗannan ko fenti ba su shafa ba.

Tsohon direba:
Mushe ɗana, cire Termit daga lissafinka, ba wurin kai 'yan lakwal ba ne. Na yi shekaru ina jan katkat, motar nan mai shiga rairayi, a wannan hanya. Daga nan zuwa Gure kwalta ce, to daga Gure ka kama hanyar Tasker sai rairayi, sai ka sace iskar taya ka sa mota a giya mai ƙarfi, in ta kafe kowa ya sauko a haƙa a shimfiɗa faranti ƙarƙashin taya a tura. Mota ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai, sai biyu ko fiye, da duro na mai da bido-bido na ruwa, da Batube wanda ya san rijiyoyi, da takardar hukuma, yanzu ma har da rakiyar sojoji. Kuɗin man kawai zai cinye abin da iyayen yaran suka tara gaba ɗaya.

Amma wuri ne, Allah ya yi halitta a can. Kana cikin farin rairayi sai ka hango baƙin dutse ya miƙe ya yi tsawo, cikinsa duk kwazazzabai ne da lunguna, nan ragon dutse ke ɓuya da rana. Na ga mena da idona, barewar nan da aka sa wa 'yan ƙwallonmu sunanta, doguwa ce, wuyanta ja cikinta fari fat, in ta tsaya nesa cikin ƙawalwalniya sai ka ce ba ta taka ƙasa. Da asuba kana tashi daga shimfiɗa za ka ga sawun yanyawa ya zagaye inda kuka dafa shayi. Tuje kuwa a da har gaban mota yake ratsawa.

Sai dai abin ya ragu ƙwarai. A 2012 gwamnati ta mai da Termit da Tin Tumma gandun da aka killace, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 97,000, ya fi ƙasar Togo girma nesa ba kusa ba, to gaya min ma'aikatan gandun daji nawa za su tsare wannan? Ga aikin man Agadem ya kawo hanyoyi da manyan motoci da mutane masu bindiga. Akwai wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks, wadda kusan nan ne kaɗai ta rage a daji a duk duniya, ba ta damu da shan ruwa ba ciyawa ta ishe ta, da aka yi ƙidaya a 2016 guda 3 kacal aka gani. Dabba ce mai nauyin gudu, in an bi ta da mota cikin zafi ba ta jimawa take faɗuwa. A 2019 kuma aka sake yanka iyakar gandun aka fitar da ɓangaren da ya haɗu da rijiyoyin mai. Ni ban ce kar a haƙi mai ba, da shi nake zuba wa mota, amma abin da na gani kenan.

Maman Hadiza:
Mushe sannu da ƙoƙari. Ni uwa ce, 'yata tana kolej, kuma in aka aiko min takarda wai za a kai ta kogo gaskiya sai na yi tambaya tukuna. Mata nawa za su raka su? Ina za su kewaya? Mu da muka tashi an hana mu zuwa gindin wasu duwatsu da tsakar rana ko da magariba wai akwai mutanen ɓoye, kuma ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, wannan tsoron shi ya sa wuraren suka zauna lafiya, ba mai sare itacen wurin ba mai farauta. Yanzu tsoro ya fita daga idon yara, ba a kuma sa wani abu a madadinsa ba.

Sannan Ɗan Birni kana ta yabon duwatsu amma ba ka faɗi masu fasa su ba. Ka fita bayan gari ka gani, a tara tsofaffin tayoyi a kan dutse a cinna wuta ya kwana yana ci, da safe ya tsage a bi shi da babbar guduma, sannan mata da yara su zauna cikin rana da ƙaramar guduma suna mai da shi tsakuwa ana aunawa a baro, hannu duk ya faffashe ido ya yi ja. Duk gidan siminti da muke ginawa a garin nan da tsakuwarsu ne, har da nawa. Matar da ke wannan aiki in ka ce mata ta bar dutse don yana da kyaun gani, me za ta dafa da dare? Fentin samari ana iya gogewa, dutsen da ya tafi a kamiyo shi ne ba ya dawowa, kuma ba mugunta ke fasa shi ba.

Ɗan Gure:
Slm mushe, kowa ya manta da mu. Ku zo Kelle mana, arewa da Gure cikin duwatsun Kutus, akwai wurin da ake kiwon jimina mai jan wuya irin tamu ta asali wadda ta ƙare a daji, ana tattalinta don ta yaɗu a mai da ita. Yara za su ga jimina ido da ido, su ga ƙwanta da sai da hannu biyu ake ɗauka, ga tsaunuka ga lunguna. Wuni ɗaya dai zai yi muku wuya, ku shirya kwana, kuma ku nemi izini tun kafin ku taso kar ku zo haka kawai, don lokacin da suke kwanci ba a son hayaniya kusa da su.

Na Matamai:
Ni inda nake da ja shi ne maganar da ake yawan yi wai yawon buɗe ido zai ceci dajinmu. Wane yawon buɗe ido? Ku duba Kure kusa da Yamai. Raƙuman dawan can a 1996 saura 49, aka tashi tsaye, mutanen ƙauyuka suka samu aikin ja-gora, baƙi na zuwa suna biya, ana ba manoma ɗan tallafi don su haƙura da waken da raƙuman ke ci musu, har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji. Abu ya yi kyau kowa na murna. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan ƙasa 2, Allah ya jiƙan musulmi, daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Haka Agadas ta gani tun kafin nan, masu katkat da masu ƙera azurfa da masu otal duk suka zauna. Abincin da ke hannun baƙo rana ɗaya yake yankewa.

Ku zo yankinmu ku ga wani abu dabam. Daga Matamai zuwa Magarya zuwa Mirya, gonaki cike suke da gawo. Bayan yunwar El-Buhari ta 1984 ƙasar nan fayau take, iska na binne shuka sai an sake shuka sau biyu uku. Manoma da kansu suka fara barin tsiron da ke fitowa daga kututture, a zaɓi mai ƙarfi a sassabe sauran, shi ne sassaben zamani, yanzu ana maganar wajen hekta miliyan 5 tsakanin jihar Maradi da tamu. Ba ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya da ya biya dala. Abin da ya sa ya yiwu, gawo yana zubar da ganye da damina ba ya tare wa hatsi rana, gindinsa ya fi ko'ina yabanya, 'ya'yansa dabbobi ke ci da rani, kuma manomi ya tabbata itacen nasa ne ba na gandun daji ba. Je ka taɓa gawon wani a Kance ka ga yadda za ku kwashe. To dutse ma sai mai unguwa da mutanensa sun ji nasu ne kuma suna samun wani abu a jikinsa.

Ɗan Birni:
Na Matamai ban ƙi taka ba, amma ai baƙo ba sai Bature ba. Mushe da yaransa arba'in baƙi ne. In kowace lakwal ta garin nan tana fita sau ɗaya a shekara, kowane yaro ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a haɗa a ba wani saurayin unguwar ya yi musu ja-gora, a sayi ƙosai da kunu wurin matan wurin, ka ga dutsen ya fara kawo kuɗi yana tsaye, kuma wannan baƙon ba ya gudu don an yi harbi a wani wuri. Ba zai kai kuɗin tsakuwa ba yanzu, Maman Hadiza ta faɗi gaskiya, kuma ba wanda zai hana fasa dutse gaba ɗaya tunda gini ba zai tsaya ba. Abin da meri, wato hukumar gari, za ta iya shi ne ta ware, nan a fasa, nan kuma mai rumfa da tarihi a bar shi.

Mushe wani abu da na manta, in kun samu lungu mai duhu kar ka bar yaro ya zura hannu ko kai. Kububuwa da kasa suna son irin wurin, ga kunama, ga zuma da ke kafa saƙa a tsagar dutse kuma hayaniyar yara na tayar da ita. In ka ji warin kashin jemage, mai hawa kai ɗin nan, ku tsaya daga baki, ƙurarsa tana ɗauke da wata cuta da ke kama huhu, kuma kar a jefe su, masu cin ƙwari ne. Disamba lokaci ne mai kyau. Da damina kam ko kusa, ka tuna yaran nan 'yan ƙwallo 12 da kocinsu a Tailan a 2018 da ruwa ya rufe musu bakin kogo sai da aka yi fiye da sati biyu kafin a fito da su.

Mushe SVT:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba direba na ji, Termit sai dai in nuna musu a taswira in karanta musu abin da ka rubuta. Na yanke za mu fara da duwatsun cikin gari da safe, in je in gai da mai unguwa tukuna in nemi ya ba mu wanda zai zagaya da mu, daga nan mu wuce wurin masu fasa dutse yaran su yi musu tambayoyi da bakinsu, don ina ganin wannan ma darasi ne. Kowa zai zo da buhu mu kwashe ledar da muka tarar. Kelle kuma sai hutun Maris in kuɗi sun haɗu, Ɗan Gure zan neme ka. Maman Hadiza akwai madam biyu da suka ce za su zo, in kina da hali ke ma bismilla.

Maman Hadiza:
To mushe Allah ya kai mu, zan gani in maigida ya yarda. Amma ka gaya musu kowa ya sa takalmi rufaffe ban da silifas, dutsen nan santsi gare shi, kuma ku karɓe alƙalamin maka da fenti tun a bakin ƙofar lakwal don na san halin 'ya'yanmu. In za ku wurin matan nan kar ku je hannu rabbana, ko sabulu ne a haɗa musu, kuma kar wani yaro ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto sai sun ce to.